Shukar Inno ta Uku

Ƙanƙarar farko a kafaɗa ta same ni, har na waiwaya ina neman wanda ya jefe ni. Ta biyu ta daki bakin hauyata ta yi ƙara. Kafin in ɗaga kai sai ta ɓarke gaba ɗaya, fara fat, wata kamar tsakuwa, wata kamar ƙwan zabo, da iska mai sanyin da ban taɓa ji ba a tsakiyar damina. Na yar da hauya na ruga gindin kalgo, na dunƙule da hannuwa bisa kai.

Daga can na hango Inno.

Gonarta da tawa kunya ɗaya ce tsakani, kamar yadda gidajenmu suke jingine da juna a cikin gari. Tana tsaye tsakiyar geronta, ta kifa masaki a ka, ƙanƙara tana dukansa kamar ana kiɗan ƙwarya. Ba ta gudu ba, ba ta ko duƙa ba.

"Inno! Ki zaka nan! Inno!"

Ko ta ji ko ba ta ji ba, ban sani ba. Na ga masakin ya tsage biyu, rabi ya faɗi gefe. Ta riƙe ɗaya rabin ta ci gaba da tsayuwa.

Yadda abin ya zo haka ya tafi, farat ɗaya. Da na miƙe ban gane gonakinmu ba. Ƙasa ta yi fari tun daga ƙafata har inda ido ya ƙare, kamar an shanya auduga, hayaƙin sanyi yana tashi daga kanta. Geron da ya kawo gwiwa da safe ya kwanta, ganyensa ya zama zare-zare. Ga kurciyoyi matattu a gindin kalgon da na ɓuya.

Na isa wurinta ina zamewa. Zanenta ya jiƙe sharkaf, jini yana bin goshinta yana shiga gira.

"Subhanallahi! Inno, mi yah hana ki gudu?"

"In gudu in tahi ina, Yusha'u? Cikin gonata nike."

Ta duƙa da ƙyar ta ɗauki ƙanƙara guda, ta juya ta a tafin hannu, ta jefa baki. Na ji tana tauna ta da 'yan haƙoran da suka rage mata.

"Ruwa na dai," in ji ta. "Da hushi yaz zaka, amma ruwa na."

Sunanta Kaltume, amma tun tasowata Inno nake jin ana kiran ta, yara da manya. Ƙawar mahaifiyata ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta Hassana tana aure a Rimawa, sai ɗanta na fari, Halliru, shi ke riƙe da gida da gona. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Mai gonar" take cewa, ko "wancan".

Ƙauyenmu yana yankin Kwargaba, a ƙasar Wurno, kan tudu, nesa da fadamar gulbin Rima. Fili ne shimfiɗe, sai sabara da kalgo da gawo jefi-jefi. Mafi yawan shekara samanmu a bushe yake. Ɗari ya zo ya tsattsaga mana dugadugai, bazara ta bi bayansa ta shanye rijiyoyi har guga ya riƙa dawowa da laka. Ɗan lokacin da ya rage shi ne na ruwa, shi ma ba alkawari ya yi mana ba. Hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi har kaji su shiga akurki, sa'an nan ya karkata ya je ya zubar a Rabah ko Goronyo, mu ya bar mu da ƙamshin ƙasar wasu.

Wannan shekarar ana cikin babban yaƙin Turawa. Ruwa ya yi jinkiri, shukar farko ta tsiro ta ƙone. Ana gama ta biyu sai aka zo ɗiban gwamna, wato tattara majiya ƙarfi a kai su haƙar kuza ƙasar Jos, ko suna so ko ba sa so. Ni an tsallake ni saboda ƙafata da ta taɓa karyewa. Halliru yana cikin waɗanda aka tasa gaba. Ya bar uwarsa da matarsa Mairo, da ciki ya fara fitowa. Ranar Inno ba ta yi kuka ba. Ta raka su har bakin gari, ta dawo ta ɗauki hauyar ɗanta ta nufi gona. Geron nan da ƙanƙara ta kwantar, ita ta nome shi da hannunta.

Mun sa rai zai farfaɗo, domin gero yana da rai bakwai in ya sami ruwa. Amma bayan ƙanƙarar sama ta rufe bakinta. Rana ta fito da zafi kamar bazara ta dawo, abin da ƙanƙara ta rage ta ƙarasa shi. Inno kuma tun daga ranar ta kama tari.

Ina kan ɗakinta ina gyara bunun da iska ta yaye, sai Mainasara ya yi sallama. Ƙanen mijinta ne, dattijo mai ciwon baya, mutum ne mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye shi ba. Mairo ta shimfiɗa masa tabarma ta koma bakin murhu, inda take dafa ganyen tafasa.

"Yaya, ƙaƙa jikin?"

"Jiki shina nan inda kab bar shi."

"To ni magana ta kawo ni. Damanag ga ta ƙare gare mu, kowa ya sani. Ki ɗauki yarinyag ga ku tahi Rimawa wurin Hassana. Can suna da hwadama, ba su rasa abin sa wa baki."

"In mun tahi, wa ka zama da gonar?"

"Gona tana gudu?"

"Gona ba ta gudu, Mainasara. Mutum ka gudu."

Ya murza gemu. Sa'an nan ya rage murya, amma ina ji daga sama.

"Na san da sauran iri cikin tulun da kinka liƙe. Ki buɗe a daka. Dibi yarinyag ga, rai biyu gare ta, ganye taka ci. Ki zuba hatsi cikin busasshiyar ƙasa, tururuwa da zabi su ci, ita tana kallo? Wagga ba dabara ba ta. Ja da ikon Allah na."

Inno ta miƙe zaune sosai. Tari ya sarƙe ta, ta jira ya lafa.

"Ban ja da Mai sama ba. Shi yab ba ni ƙanƙara, na karɓa. Shi kuma yab ba ni hannu biyu, bai karɓe ba tukuna. Nasara sun ɗauke mini ɗa ba su tambaye ni ba. Rana ta ci shuka guda, ƙanƙara ta ci guda. Duk wanga an yi mini shi. Amma in tashi in bar gonar da ƙahwata, wanga ni ka yin shi, kuma ba ni yi."

"Lokacin gero ya wuce."

"In gero bai yi ba wake shi yi. In wake bai yi ba harawa ta yi, awaki su ci."

Sai ta juya wajen murhu. "Mairo, zaka. Kin ji abin da babanku yac ce, kuma bai yi ƙarya ba. Cikin naki na, yunwar taki ta. In kin ce a daka, yanzu a daka. In kin ce Rimawa, Yusha'u shi kai ki bisa jaki, ba ni riƙe ki a zuci."

Mairo yarinya ce marar yawan magana. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta daɗe tana wasa da bakin zanenta.

"Inna, in ya dawo ya iske ƙohwa da ƙaya, mi za mu ce mishi? In kin sara, ni ka zuba miki iri."

Mainasara ya tashi ya kaɗe rigarsa. "Allah shi kyauta," ya ce, ya fita bai yi sallama ba.

A cikin kwanakin ne Isa ya dawo. Yana cikin waɗanda aka ɗiba tare da Halliru, ya sulale ya biyo daji da ƙafa. Ya rame har sai da ya yi magana muka gane shi. Da la'asar mutane suka kewaye shi a ƙofar gidansu, yana ba da labarin ƙasar duwatsu inda ruwa ba ya ɗaukewa, inda sanyi ke shiga ƙashi ko da rana tsaka. Ya ce mu da muka saba da zafi mu sanyin ya fi kayarwa, mutum ya kwanta da tari, da safe a ja gawarsa waje.

Sai ga Inno ta ratso maza da sandarta. Aka ba ta hanya.

"Isa, barka da dawowa. Ka baro wancan?"

"Na baro shi, Inno."

"Kwance ko tsaye?"

Isa ya dubi mutane, ya dube ta. "Tsaye. Shina tari, amma tsaye."

"Da mi shika ruhwa?"

"Buhu anka ba mu."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To. Ni ma ina tari, ni ma ina tsaye."

Washegari da sassafe na ji ana fasa yumɓun bakin tulu. Da na fito sun riga sun kama hanya, Inno a gaba da sungumi a kafaɗa, Mairo a baya da ƙwaryar iri, gero gauraye da wake. Binne za su yi, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a bar iri ya jira ruwa. Ana yin ta a farkon damina, ban taɓa ganin wanda ya yi ta a wannan lokacin ba. Ni kaina ban yarda da abin ba, kuma ba ni da sauran iri balle in gwada a tawa gonar. Amma ba zan zauna ina kallon ƙawar uwata tana saran ƙasa ba. Na bi su.

Ta hana ni sungumin. "Kai bi bayan Mairo ka taya ta ruhewa. Sara nawa na."

Haka muka yi ta yi, safiya bayan safiya, kafin rana ta yi zafi. Inno ta sara ta taka, ta sara ta taka, ta tsaya ta yi tari ta tofar, ta ci gaba. Masu wucewa sukan tsaya a bakin hanya. Wasu su ce sannu, wasu su girgiza kai. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Inno, zabi sun gode!"

"Ka gaishe su," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Ka ce su ci da sauri, ruwa na tahe."

Matata Hauwa'u ce ta fara lura da cewa Inno ba ta cin abinci. Duk ɗan kunun da muka miƙa musu ta kan danga, sai ta kai baki kamar tana sha, ta tura wa Mairo ta ce ya ishe ta. Da Hauwa'u ta yi mata magana sai ta ce, "Tsohon ciki ba shi da wurin ajiya. Ki bar ni."

Mun wuce rabin gonar ranar da ta faɗi. Ta ɗaga sungumi, bai sauko daidai ba, ya ja ta suka tafi ƙasa tare. Da na ɗago ta jikinta kamar garwashi, kuma ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara. A kan jakina na kai ta gida, tana faɗa mini a hanya in sa alama inda ta tsaya.

Ciwon haƙarƙari ne. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho, Hauwa'u ta dafa sabara, liman ya aiko da rubutu. Numfashinta ya koma gajere, kowane ɗaya da ƙara kamar ana yaga tsumma. Duk wanda ya shigo gaishe ta, tambayarta ɗaya ce: "Ƙaƙa gabas?" Maza mun fita bayan gari roƙon ruwa, muka dawo da rana a ka. Da na gaya mata sai ta ce, "Kun roƙa, ya ji. Saura ku gama shuka, kada shi aiko shi iske ba ku shirya ba."

Ranar da za ta rasu, bayan azahar, iska ta tsaya cak, zafi ya yi nauyi. Can sai gabas ta fara haɗewa. Inno ta ji yara suna ihu a waje, ta ce a fitar da ita.

"Inna, jikinki ba shi so," in ji Mairo.

"Ba jikina nit tambaya ba. Yusha'u, ɗauke ni."

Na ɗauke ta na jingina ta da bangon ɗaki, fuskarta gabas, Mairo ta tallafe ta ta gefe. Hauwa'u ta aika aka kira Mainasara. Tun ranar da suka yi magana bai sake shigowa gidan ba, sai dai ya tsaya a waje ya tambayi jiki. Ya shigo ya tsuguna a gabanta.

"Yaya."

"Ka zaka? Matsa gehe, ka tare mini hadari."

Ya matsa. Muka zuba ido gaba ɗaya. Hadarin ya taso baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga shi, iska mai sanyi ta iso ta ɗaga bunun ɗaki, har muka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mairo ta fara murmushi. Sa'an nan, muna kallo, gindinsa ya karkata kudu. Ya bi ta bayan gonaki ya nufi Rabah, yana zubar da ruwansa can nesa kamar an saki labule. A kanmu ko ɗigo.

Sai muka ji Inno tana dariya, 'yar ƙaramar dariya da tari a ciki.

"Tahi abinka," ta ce wa hadarin. "Ka dawo ka iske mu. Nan muke."

Ta lumshe ido, ta daɗe, har na ɗauka barci ne. Sai ta kama hannun Mainasara.

"Ka ce ma Halliru..."

Mairo ta ɗago kai da sauri, domin ita ma ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Ka ce ma Halliru ban tashi ba."

"Ni hwaɗa mishi, Yaya. Ki yi kalma."

Ta yi kalmar shahada, a hankali amma ba ta sarƙe ba. Kafin la'asar ta cika.

Ƙasar maƙabarta ta yi tauri har sai da muka yi karɓa-karɓa wajen haƙa. Muka rufe ta kafin magariba, sama tas, ba ko gajimare.

Kashegarin sadakar uku na fita da sassafe, ina nufin in je in ɗauko sungumin da muka bari a gona. Tun daga nesa na hango mutum a duƙe. Mainasara ne, ya naɗe riga a ƙugu, ya kama daga daidai inda na kafa kara. Ya sara, ya dafe baya, ya sara. Mairo tana biye da ƙwarya.

Na yi sallama. Bai ɗago ba.

"Kada ka ce mini komi, Yusha'u."

"Ban ce ba, Baba."

"Har yanzu wauta ta. Na hwaɗa mata tana da rai, ina hwaɗi yanzu." Ya sake sara. "Amma ba a barin gona rabi. Karɓi nan, bayana ya ƙi."

Na karɓi sungumin, shi ya koma rufewa da dugadugi. Kafin rana ta take mun kai ƙarshen kunya.

Ruwa bai zo a wannan makon ba. Sai da muka fara cire rai sa'an nan ya sauko, ba iska ba tsawa, ya wuni yana zuba. Zabi da tururuwa sun ci rabonsu, shukar ta fito da giɓi-giɓi. Geron bai yi abin kirki ba, damina ta ɗauke yana fitar da kai, 'yan dammuna kaɗan muka ɗaure. Waken ne ya yi. Shi Mairo ta ci har ta haihu, mace, shi kuma muka ci tare da su, domin ni ban girbe komai ba a tawa gonar.

Halliru ya dawo cikin ɗari, bayan an gama kaka. Ya dawo da tarin, da ƙafafu duk gyambo, amma da ƙafarsa ya shigo gari. Tun a hanya aka gaya masa. Mainasara ya isar masa da saƙon a zaure, kalma da kalma. Ya saurara, ya shiga ya ɗauki 'yarsa ya daɗe yana kallon ta.

Da gari ya waye ya leƙo ya ce in raka shi. Muka fara zuwa maƙabarta ya yi addu'a, daga nan muka wuce gona. Fulani sun sauka a cikinta da shanunsu suna cin kara, kamar yadda suke yi kowace shekara bayan girbi. Wani dattijonsu ya taso ya gaishe mu, ya ce gobe za su tashi su gangara fadama.

"Ku ƙara kwana biyu," in ji Halliru. "Ku matsa da su gehen gabas, nan ƙasar ta hi gajiya. Tana son taki kahin baɗi."

Bafulatanin ya ce to. Halliru ya sami kunya ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa wajen rana. Na zauna kusa da shi. Sanyin safiya bai sake ba tukuna, shanun suna tsaye a cikin kara suna tuƙa, tururi yana fita daga hancinsu.